Sunan Jariri a Baki da Sunansa a Takarda: Wane Rubutu Ya Fi Dacewa Iyaye Su Zaɓa?

Ranar suna, da zarar liman ya sanar cewa an samu Ruƙayya ko an samu Abdurrahman, sai a shafa fatiha, a raba goro da dabino, mahauci ya kama aikinsa a kan ragon suna, jama'a su watse, ba tare da wani ya tambayi yadda za a rubuta sunan ba. A al'adarmu suna abin faɗa ne da ji, kuma hakan ya wadatar da kakanninmu. Sai dai yaron da aka haifa yau zai riƙa ganin sunansa a rubuce, da hannun mutanen da ba su san shi ba, a katin riga-kafi, da takardar haihuwa, da rajistar makaranta, da takardun jarrabawa, da asusun banki, da fasfo idan Allah ya nufe shi da aikin Hajji ko karatu a waje. Sau da yawa kuma wanda ke fara rubuta sunan shi ne ma'aikacin da ke bakin aiki a ranar da aka kai jaririn awo, wanda zai rubuta abin da kunnensa ya ji da irin rubutun da hannunsa ya saba, uban yaron kuwa yana can wajen nema, bai ma san an yanke wannan hukunci ba.

Ma'anar suna, da asalinsa, da darajar wanda aka yi wa takwara su ne a gaba, kuma babu mai hankalin da zai bar sunan mahaifinsa don kawai wani sunan ya fi kyau a katin gayyata. Amma akwai wurare biyu da siffar suna a rubuce take da haƙƙin a saurare ta. Na farko shi ne idan iyaye sun tsaya tsakanin sunaye biyu da suke so daidai wa daida. Na biyu, wanda ya fi yawa, shi ne idan an riga an tsayar da sunan amma yana da rubutu huɗu ko biyar, kuma dole a ɗauki ɗaya a bar sauran. Dalilin da ya sa abin ya yi nauyi a yanzu sananne ne ga duk wanda ya taɓa tsayawa layin gyaran suna. A Najeriya Babban Banki ya kawo lambar BVN ta tantance masu asusun banki a 2014, lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ta zama tilas wajen rajistar layin waya tun ƙarshen 2020, hukumar JAMB kuma ta wajabta ta ga masu neman shiga jami'a daga 2021, inda ake ɗauko sunan ɗalibi daga abin da ke cikin rajistar NIN ɗin. Akawun da yake aiki da biro yana iya gane cewa Muhammad da Mohammed mutum ɗaya ne, ya ɗaga kai ya dubi fuskar mai takarda ya sa hannu. Kwamfuta ba ta da wannan uzuri. Harafi ɗaya ya isa ta ce mutum biyu ne, daga nan sai rantsuwar kotu, wani lokaci har da sanarwa a jarida.

Hanyoyin da Hausawa ke bi wajen rubuta suna da haruffan boko a yau kusan uku ne. Akwai rubutun Hausa tsantsa, mai bin yadda ake furta sunan a gida: A'ishatu, Ƙasimu, Ɗahiru, Hadiza, Isiyaku. Akwai rubutun da ke ƙoƙarin kwaikwayon Larabcin asali harafi da harafi: Aa'ishah, Qaasim, Taahir, Khadeejah, Is'haaq. Akwai kuma rubutun ofis, wanda ya aske duk wata alama ya bar haruffan da ke kan kowace na'ura: Aisha, Kasim, Dahiru, Khadija, Ishaq. Kowace hanya tana da abin da take karewa da abin da take zubarwa.

Rubutun Hausa ya fi sauran gaskiya ga kunne. Duk wanda ya koyi karatun Hausa a firamare zai karanta Shu'aibu ko Sa'adatu daidai a karo na farko, domin kowane harafi sauti ɗaya yake ɗauka. Wasalin da muke ƙarawa a ƙarshe, wanda wasu matasa ke ɗauka ƙauyanci ne, yana da tushe a nahawun Larabci: rufu'ar ƙarshen kalma ce ta zauna a bakinmu ta ba mu Aminu da Bashiru da Kabiru, kamar yadda ta kuri ta ƙarshen sunayen mata ta ba mu Hafsatu da Halimatu. Wannan ta kurin ce kuma ta haifar da rikicin Hafsatu, Hafsat, Hafsah da Hafsa, waɗanda dukkansu rubutu ɗaya ne a Larabci. Manyan mutanen ƙasar nan ba su ji kunyar wannan siffa ba, shi ya sa muke da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kuma Umaru da Muhammadu sun shugabanci Najeriya da waɗannan wasula a ƙarshen sunayensu.

Rauninsa na farko shi ne haruffa masu ƙugiya. Tun da suka shigo rubutun boko a shekarun 1930, zamanin da ake aikin daidaita rubutu a Zariya, ƙ da ɗ da ɓ suka zama 'yan gida a littafi da jarida, amma ba su taɓa samun cikakken wurin zama a ofis ba, saboda tafiretocin ofisoshi na Turanci ne, kuma manhajojin da suka gaje su sun gaji wannan gurbi. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama Balewa a takardun gwamnati da a kan takardar naira biyar, Ɗantata da Ɗangote sun zama Dantata da Dangote a kasuwar duniya. Wayoyin zamani suna iya buga ƙugiyar, amma sunan yaro zai ratsa na'urori da yawa, kuma ya isa guda ɗaya daga cikinsu ta kasa gane harafin ta mayar da shi alamar tambaya ko ɗan akwati. Da hannu ma akwai matsala, domin ma'aikacin da bai san Hausa ba idan ya ga ɓ yakan ɗauka lamba shida ce, idan ya ga Ƙ mai babbar ƙugiya yakan karanta ta R. Abin da ke sanyaya rai shi ne, cire ƙugiya daga suna bai cika ɓata shi ba. Babu Bahaushen da zai ga Dahiru ya kasa cewa Ɗahiru, ko ya ga Danjuma ya kasa cewa Ɗanjuma, domin sunayen sanannu ne, baki yana mayar da abin da ido bai gani ba.

Rauni na biyu shi ne alamar alhamza, wadda ta cika sunayenmu: Asma'u, Mu'azu, Ja'afar, Isma'ila, Mas'udu. Fom ɗin intanet da yawa ba sa karɓar ta, wani ma'aikacin ya bar fili a wurinta har sunan ya rabu biyu, wani ya sa karan ɗori, wani ya haɗe. Ƙa'idar fasfo ta duniya, wadda Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya ta tsara, ta riga ta yanke nata hukunci: a layukan nan biyu na ƙasan shafin hoto, waɗanda na'ura ke karantawa, manyan haruffan A zuwa Z da lambobi da alamar rabuwa kaɗai ake sawa, ana jefar da alhamza, ana kuma mayar da karan ɗori ya zama rabuwa tsakanin kalmomi. Ke nan Asma'u za ta zama ASMAU ko iyayenta sun so ko ba su so ba. Yawancin sunaye suna jure wannan aski, Muazu da Saadatu da Jaafar ba su rikita kowa ba. Wanda ba ya jurewa shi ne irin Is'haƙ, inda alhamzar ke raba s da h. Da an cire ta sai a samu sh, a riƙa kiran yaro da sautin da babu shi a sunan Annabi Is'haƙa. A nan siffar gida, Isiyaku, ta fi ta Larabcin aminci a takarda.

Rauni na uku shi ne wanda aka fi sakaci da shi, kuma shi ne ya shafi rubutun hannu kai tsaye. A sunaye da yawa wasalin ƙarshe kaɗai ke raba namiji da mace: Aminu da Amina, Jamilu da Jamila, Habibu da Habiba, Karimu da Karima, Nafi'u da Nafi'a. Ƙaramin a wanda mai sauri bai rufe bakinsa ta sama ba u ne sak, ƙaramin u wanda ƙafafunsa suka matsu kuma a ne. Malamin aji da ke kwafe sunaye sittin ko tamanin daga tsohuwar rajista zuwa sabuwa ba shi da lokacin tantancewa, kuma wanda zai buga jerin a kwamfuta bai taɓa ganin yaran ba. Idan iyaye suna tsakanin sunaye biyu ga 'yarsu, a ce Jamila da Maryam, ko Habiba da Zainab, wannan dalili ne na gaske da zai iya karya kunnen doki, domin Maryam da Zainab ba su da takwaran namiji da harafi ɗaya zai kai su gare shi. Idan kuwa zuciya ta tsaya a kan Jamila, to cikakkiyar siffar Hausa, Jamilatu, ko siffar Larabci mai h, Jamilah, kowacce tana sa wa sunan katanga. Haka Amin da Jamil da Habib, ba tare da wasalin ƙarshe ba, sun fi Aminu da Jamilu da Habibu tsira daga wannan kuskure, ko da yake sun rasa ɗanɗanon gida.

Hanya ta biyu, mai kwaikwayon Larabci, ta yi ƙarfi tare da yaɗuwar makarantun Islamiyya da littattafan addini da ake fassarawa zuwa Turanci, kuma masu bin ta suna da hujja mai ƙarfi da bai kamata a raina ba. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, alhali a Larabci tsawon wasali yana raba sunaye. Amina mai jan a na farko ita ce sunan mahaifiyar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Amina mai jan i kuwa tana nufin amintacciya, kuma rubutunsu daban ne a Larabci. Haka Salim mai alif da Salim mai ya, haka Rashid, haka Hamid. Misalin da ya fi tsanani shi ne Asiya. Idan da alif da sin ne, sunan matar Fir'auna ce mai imani. Idan da ain da sadi ne, ma'anarsa mai saɓo, kuma ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah ya canza wa wata 'yar Sayyidina Umar wannan suna ya mayar da ita Jamila. Wanda ya rubuta Aaminah ko Ameenah, Saalim ko Saleem, yana ƙoƙarin kare wannan bambanci ne.

Matsalar ita ce kayan aikin da ake wannan kariya da su aro ne daga Turanci, ba kowa ne kuma ke karanta su yadda aka nufa ba. Ee da oo na Khadeejah da Maimoona da Ameer suna ba da i da u ne kawai a idon wanda ya yi Turanci. Wanda ya koyi karatun Hausa zai karanta su e da o masu tsawo, wanda ya yi Faransanci ma haka. Harafin q babu shi a abacadan Hausa, kuma a rubutun hannu ƙaramin q ɗan'uwan g ne na jini, har Sadiq ya koma Sadig, Ruqayya ta koma Rugayya. Kh da th suna sa a ga sunan ya yi kama da na littafi, amma kakar yaron Usman za ta ce ko an rubuta Uthman, Halidu za ta ce ko an rubuta Khalid. Sannan duk harafin da aka ninka wata dama ce ta kuskure, domin kowane magatakarda yana da siffar da ya ɗauka ita ce daidai, kuma hannunsa zai gyara maka sunan ɗanka ba tare da ya sani ba. Wata 'yar yayana ta shiga wannan hali: a katin asibiti an rubuta mata Rukayya, a firamare wani malami ya mayar da ita Rukaiya, da ta shiga sakandare ita da kanta ta ga Ruqayyah ya fi kyau ta cika fom ɗin jarrabawa da shi. Lokacin da za ta shiga jami'a aka tarar da mutum uku a cikin fayil ɗaya, mahaifinta ya yi makonni yana zirga-zirga tsakanin ofisoshi kafin a yarda cewa 'ya ɗaya ya haifa. Ban ma sa irin rubutun shafukan sada zumunta a wannan lissafi ba, su Xahra da Teemah da Eeshat, waɗanda ado ne na ƙuruciya, ba laifi a Facebook, amma abin takaici ne a gan su a takardar shaidar digiri.

Hanya ta uku, rubutun ofis, ba ta da kyawun ta farko kuma ba ta da ilimin ta biyu, amma ita ce ta fi jure tafiya daga hannu zuwa hannu. Aisha, Fatima, Usman, Yusuf, Maryam, Ibrahim: waɗannan siffofi sun yi yawa a takardu har ya zama idan akawu zai yi kuskure, zuwa gare su yake karkata. Wanda ya zaɓe su ya bi inda ruwa ke gangara. Sai dai a san cewa ba kowane suna ne ke da siffar ofis guda ɗaya ba, kuma sunan da ya fi kowane yawa a cikinmu shi ne ya fi kowane rarrabuwa: Muhammad, Muhammadu, Muhammed, Mohammed, Mohammad, Mohamed. Filin jirgin saman Legas yana ɗauke da Murtala Muhammed, alhali rubuce-rubuce da yawa suna kiran mutumin da Mohammed. A ganina Muhammad ya fi kusa da asali kuma ya fi sauƙin karewa, amma abin da ya fi zaɓin siffar muhimmanci shi ne guje wa taƙaitawa. Moh'd da Muh'd da Mohd sun shiga takardun shaidar mutane da yawa saboda wani ya ji ƙyuyar rubuta haruffa takwas, kuma babu na'urar da za ta yarda cewa su ne Muhammad.

Duk wannan bayani na ɓangaren Najeriya ne. Da an ƙetara Jibiya zuwa Maraɗi, ko Illela zuwa Birnin Ƙonni, rubutun ofis na Faransanci ne, kuma dokokinsa daban. U yana zama ou, sh yana zama ch, s tsakanin wasula biyu ana ninka shi don kada a karanta shi z. Da haka Usman ya zama Ousmane, Musa ya zama Moussa, Shu'aibu ya zama Chaïbou, A'ishatu ta zama Aïchatou, kuma Mahamadou Issoufou, wanda ya shugabanci Nijar daga 2011 zuwa 2021, Muhammadu Yusufu ne a bakin Bakano. Harafin c namu ma yana da fuska uku: Ciroma a Hausa, Chiroma a ofishin Najeriya, Tchiroma a Kamaru da Nijar. Ga iyalin da ke zaune a gefe ɗaya wannan ba damuwa ba ce, sai su bi rubutun ƙasarsu. Ga iyalin da ke da ƙafa a ƙasashen biyu, waɗanda suna da yawa a Katsina da Daura da Damagaram, akwai hikima a zaɓi sunan da rubutunsa bai canzawa a tsakanin harsunan biyu. Ibrahim, Ali, Hadiza, Halima, Amina da Adam suna ƙetare iyaka yadda suke, amma Shamsuddin ko Shu'aibu sai sun canza riga.

Sunayen da ke farawa da Abdu suna buƙatar kulawa ta musamman, musamman da yake hadisi ya nuna cewa Abdullahi da Abdurrahman su ne mafi soyuwar sunaye a wurin Allah, don haka gidaje kaɗan ne babu su. A nan akwai zaɓi biyu da ake yawan cuɗawa. Na farko shi ne tsakanin bin furuci, Abdurrahman da Abdussalam da Abdurrazak, da bin harafi, Abdulrahman da Abdulsalam da Abdulrazak. Na farkon ya fi daidai a ƙa'idar karatu, domin lam ba ya fita a gaban ra da sin. Na biyun ya fi yawa a takardu, har tsohon shugaban ƙasa Abdulsalami Abubakar da shi aka san shi. Kowanne ya wadatar idan an tsaya a kansa. Zaɓi na biyu, wanda ba na ganin akwai sassauci a cikinsa, shi ne haɗewa ko rabawa. Idan aka rubuta Abdul Rahman kalma biyu, ko da karan ɗori a tsakani, wata rana wani fom zai ɗauki Abdul a matsayin sunan yaro, Rahman kuma a matsayin sunan mahaifinsa, a wayi gari ana kiran bawa da sunan da Ubangijinsa kaɗai ya cancanta. Sai a haɗe shi kalma ɗaya, babban harafi ɗaya a farko. A kuma lura da tsawo: gurbin suna a layin fasfo da na'ura ke karantawa haruffa 39 ne kacal, har da alamomin rabuwa. Mai suna Muhammad Abdulkadir Abubakar Abdurrahman yana buƙatar 41, don haka za a datse masa wutsiya. Idan sunan uba da na kaka dogaye ne, gajeren suna ga jaririn sauƙi ne gare shi.

Akwai kuma siffar sunan a ajami da Larabci, wadda iyaye da yawa ke dubawa, musamman gidajen malamai, kuma da ita yaro zai fara cin karo a allo. Wasu sunaye babu ɗigo ko ɗaya a jikinsu, kamar Muhammad da Ahmad da Mahmud da Umar, don haka da wuya alƙalami ya ɓata su. Zainab haruffa huɗu ce kuma kowanne da ɗigonsa. Halilu da Jalilu wurin ɗigo ɗaya ne ya raba su, sama ko ƙasa, haka ɗigo ɗaya ne tsakanin Habib da Khubaib idan ba a sa wasula ba. Wani abin lura shi ne bambancin rubutun allo na Warshu da bugun gabas da ake karantawa a Islamiyya. A rubutun allo fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. A bugun gabas fa ce ke da ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu. Saboda haka Ƙasimu da alaramma ya rubuta ɗan Islamiyya yana iya karanta shi Fasimu. Sunayenmu na gargajiya kuwa, irin Gambo da Cindo, ajami yana rubuta su da haruffan da Balarabe zai furta da wani sauti daban, abin da ɗaliban da suka je karatu Madina ko Azhar ko Khartoum suka sani sarai. Wannan bai isa ya hana zaɓen suna ba, amma ya isa ya sa uba ya nemi malamin da ya ba da sunan ya rubuta masa shi da Larabci cikakke da wasulansa, a ajiye tare da takardar haihuwa, domin ranar da za a buƙaci mayar da Amina ko Salim daga boko zuwa Larabci a san wanne aka nufa. Hausawa Kirista sun fi samun sauƙi a wannan fage, a iya lurata, domin Bulus da Bitrus da Yohanna da Rifkatu sun zo musu a buge cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka kammala a 1932, siffa ɗaya ta zauna tun da wuri.

Game da hannun yaron kansa, ba na ba wannan batu nauyi sosai. Gaskiya ne Ali zai riga Abdulmuɗɗalib iya rubuta sunansa a aji ɗaya, kuma Iliyasu zai sha fama da babban I da ƙaramin l da ke tsaye kamar tagwaye, amma wahalar zango ɗaya ce ko biyu, ba ta kai a canza suna dominta ba.

Idan aka ɗora hanyoyin uku a sikeli, abin da nake ba da shawara shi ne a raba aiki. A takardun hukuma a ɗauki siffar da aka gina da haruffan A zuwa Z kawai, kalma ɗaya, babu ƙugiya, babu alhamza, babu karan ɗori, babu taƙaitawa, babu ee ko oo, sannan a bar mata wasalinta na Hausa idan iyaye suna son sa, domin Dahiru da Kasimu da Saadatu suna tafiya lafiya a kowace na'ura. A wasiƙa da littafi da duk inda Hausa ake rubutawa, a mayar wa sunan ƙugiyarsa da alhamzarsa, haƙƙinsa ne. Siffar Larabci kuma a adana ta da haruffan Larabci, inda take da cikakkiyar ma'ana. Kwanaki bakwai da ke tsakanin haihuwa da suna sun isa a yi gwaji mai sauƙi: a faɗi sunan ga mutum uku, ɗaya ɗan boko, ɗaya ɗan Islamiyya, ɗaya wanda ba Bahaushe ba, kowa ya rubuta da hannunsa ba tare da ya ga na wani ba. Idan rubutun uku suka zo ɗaya, an samu suna mai sauƙin riƙo. Idan suka zo uku, ba sai an bar sunan ba, amma uban ya san cewa shi zai riƙa tsaron rubutun har yaron ya girma.

Sunan mahaifi da ke biye da na jariri ba wurin gyara ba ne. Idan takardun uban suna ɗauke da Mohammed ko Ousmane, haka za a kwafe wa ɗan harafi da harafi, ko da uban ya daina son wannan rubutu, domin ranar neman biza ko rabon gado takardun biyu za a jera. Haka kuma sunan yanka ne ke shiga takarda. Yaron da aka sa wa sunan kakansa ana kiransa Abba ko Khalifa saboda alkunya, yarinyar da ake kira Ummi ko Walida, idan yaya ko ƙanwar uwa ce ta kai su makaranta, sau da yawa sunan gidan take faɗa, shi kuma malami ya rubuta. Dokar Najeriya ta 1992 ta tanadi a yi rajistar haihuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa cikin kwana 60, a Nijar kuma ana yi a ofishin magajin gari. Wanda zai je ya tafi da sunan a rubuce da manyan haruffa a takarda, ya miƙa wa ma'aikacin maimakon ya faɗa da baki, ya karanta abin da aka rubuta kafin a buga hatimi, sannan ya ɗauki hoton takardar a wayarsa don ya nuna wa shugaban makaranta ranar da za a sa yaron a aji ɗaya.